Sakatar da Na Kafa ta Waje

An ce tafiya mabuɗin ilimi. Ni dai tawa tafiyar, kafin ta buɗe mini ilimi sai da ta tona jahilcina, a gaban mata kuwa, kuma a kan aikin da nake cika baki cewa ko idona a rufe zan yi shi.

Sunana Habu, kafinta ne ni a Getso ta ƙasar Gwarzo. Kakana kiwo ya yi, ubana noma, ni kuma na ɗauki zarto, shi ya sa har yau a gidanmu ake yi mini kallon wanda ya ɓace hanya. Shekarar da abin ya faru, mun gama kai gero da wake rumbu ke nan, sai ga wani Alhaji ɗan kwangila yana neman masu sana'a zuwa ƙasar Chadi. Ya ce makaranta za a gina a Njamena, mai hawa biyu, ƙofofi da tagogi da bencina sai mun ture. Mu biyu muka bi shi daga yankinmu, ni da Lawwali magini, mutumin Dugabau ta Kabo. Lawwali in ya fara magana, kai mai saurare ne za ka ji ƙishirwa.

A Njamena kwana huɗu muka yi a wani kango bayan kasuwa. Ba mu ga makaranta ba, ba mu ga filin da za a gina ta ba. Mutanen gari Larabci suke yi, amma ba irin na allo ba. Na yi ta jefa musu ɗan abin da na tsinta wajen malaminmu, suna kallona kamar zan fara wa'azi. Rana ta biyar Alhaji ya zo da babbar mota shaƙe da katako da siminti da kwano, ya ce mu hau, makarantar ta ɗan matsa gaba.

Na ce, “Alhaji, gaba ina?”

Ya ce, “Nan kusa ne, Habu. Kai dai hau.”

Nan kusan Alhaji kwana uku ce a kan buhun siminti.

A wani gari mai duwatsu da ake kira Mongo motar ta mutu. Muna zaune a gefen titi rana na gasa mu, wata mai shayi ta yafito mu da hannu, ta matsa mana a inuwar rumfarta. Ba ta jin maganarmu, ba ma jin tata. Ta ga kwano ya yanke ni a tafin hannu, ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure mini, ta ci gaba da fifita gawayinta kamar ba ta yi komai ba. A rumfar nan ne direbanmu, wanda ya ɗan iya Hausar tasha, ya ji Lawwali yana lissafa ajujuwan da zai gina, ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

Ya ce, “Wane makaranta? Masai za ku yi. Masai na 'yan gudun hijira, can bakin Sudan.”

Na dubi Lawwali, Lawwali ya dube ni. Wannan ce rana ta farko da na ga bakinsa ya mutu. Ni da na yi ƙyauren zauren dagacinmu, ƙyauren da har yau baƙi ke shafawa suna tambayar wa ya yi, ni ne aka kwaso tun daga Getso don in yi wa masai ƙofa. Da yamma na samu waya na kira gida. Matata Hansai ta ce, “Ya makarantar?” Na ce, “Aikin dai na jama'a ne, a yi ta addu'a.” Na ji ana daka a bayanta, na ji ɗan akuyarmu yana kuka, sai kewa ta kama ni. Na ce mata layin ba kyau, na kashe.

A Abeshe, babban gari na ƙarshe, Alhaji ya miƙa mana wasu takardu masu zane da rubutun Faransanci. Ya ce zai tsaya ya ƙaro siminti, gobe yana bayanmu. Goben Alhaji ita ma 'yar'uwar nan kusansa ce. Ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba sai da aiki ya ƙare.

Daga nan muka shiga sansanin. Ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai gani ba. Ka ɗauki kasuwar Getso ranar da ta fi cika, ka cire kayan sayarwa da hayaniyar ciniki, ka bar rumfunan, ka shimfiɗa su har inda ido ya gaji. Duk tamfol ne da kara. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ƙarancin maza. Ko'ina ka juya mata ne da yara da tsofaffi. Na tambayi direba ina mazan, ya ɗaga kafaɗa ya nuna gabas da haɓa.

Ƙungiyar agajin da ta ba da aikin tana da wata ma'aikaciya 'yar ƙasar, Malama Ashta, ita ce ya kamata ta nuna mana wuri da tsari. Ranar da muka iso aka ce sababbin mutane sun kwararo bakin iyaka, an tura ta can. Wanda ya karɓe mu ya nuna mana ɓangaren da za mu yi wa aiki, ya nuna agogonsa, ya yi alamar mu yi sauri, ya hau babur ya tafi.

Muka baje takardun nan a ƙasa, muka juya su sama, muka juya su ƙasa. Lawwali ya naɗe su ya cusa a ƙarƙashin tabarmarsa.

Ya ce, “Kai Habu, wai yau Bature ne zai koya wa mutumin Dugabau haƙa masai? Da can da ba su zo ba, a aljihu muke yi?”

Na ce, “Ku mutanen Kabo ai ba mamaki.”

Ya ce, “Ɗauki awonka mu tafi, ɗan Gwarzo.”

Muka yi shi yadda muka gada. Makewayi ba a yin sa a tsakar gida, don haka muka kai shi can nesa, bayan wani ɗan kwari mai sabara, inda iska ba za ta kawo wa mutane wari ba. Muka yi jeri guda, hagu na maza, dama na mata. Lawwali ya zagaye shi da katanga mai tsawo, ya yi mata shiga mai lanƙwasa irin ta zaure, don kada mace ta zo da buta a hannu kowa na kallonta. Ya ce, “Bayin Allah sun rasa gida, kada su rasa sutura.” Na ga kyan maganar, har na ji ya ƙara girma a idona.

Ni kuma na yi ƙyamare. Na ce tunda masai Allah ya rubuto mini, to zan yi masain da za a riƙa ba da labari. Na zaɓi katako mai kauri, na haɗa shi yadda ko bijimi ba zai karya ba. Sannan na kafa wa kowane sakata, ta waje.

Duk wanda ya tashi a gida mai dabbobi ya san dalili. A wajenmu makewayi yana ƙarshen gida, kusa da turke. Ana sa masa sakata ta waje saboda akuya da kaji da yaro mai rarrafe. In ka fito ka ja ta. In ka zo ka tarar da ita a zare, ka san da mutum a ciki, sai ka yi gyaran murya ka koma ka jira. Ta ciki kuwa, wa za ka kulle wa? Uwarka ko ƙanenka? Tun da nake ban taɓa tsayawa na yi tunani a kanta ba.

Aka buɗe wurin. Kwanakin farko kowa na zuwa, muna zaune a inuwa muna jin kanmu. Bayan kamar mako guda, sai ɓangaren mata ya mutu murus. Maza na shiga nasu, na mata kuwa har gizo-gizo ya fara saƙa. Matan da a da in mun wuce sukan ɗaga mana hannu, yanzu in sun hango mu sai su ja mayafi su juya baya. Wata rana wata ta tofar da yawu a inda na taka.

Na rasa gane kan abin. Na je na shinshina, ba wari. Na duba ramin, bai rufta ba. Na ce ko kunama ce, na ɗaga kowane dutse. Lawwali ya ce shi tun ranar farko bai yarda da sabarar nan ba, wurin yana da masu shi. Ya tofa addu'a a ruwa ya yayyafa a kusurwa huɗu. Masu wurin dai ba su hana maza shiga ba.

Sai kuma sakatu suka fara ɓacewa. Yau biyu, gobe uku, kuma na ɓangaren mata kaɗai. In mayar, a cire. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni mutum ne mai saurin hawa, Hansai ma shaida ce. Na ce wannan wane irin butulci ne? Ka baro ƙasarka, ka yi wa mutane aikin da kake jin kunyar faɗa wa matarka, su ƙi shiga, sannan su bi suna ɓalle maka ƙarfe?

Wata rana da hantsi na laɓe a bayan katangar Lawwali. Ban daɗe ba sai ga wata tsohuwa, siririya, da tsohuwar wuƙa da dutse a hannu. Ta nufi ƙyaure na uku ta fara ɓamɓarar sakata, a natse, kamar mai tsince wake. Na yi tsalle na fito. Da yake na san ba mai jin yarena, na saki baki yadda nake so.

“Ke tsohuwa! Ashe ke ce ɓarauniyar! Ba kya jin tsoron Allah? Da furfurarki da komai!”

Ta juyo a hankali, ta dube ni daga hula har takalmi.

Ta ce, “Ɗan nan, a garinku ba a gaida manya?”

Da Hausa. Hausa tsantsa, sai dai irin ta mutanen da, mai ɗan nauyin Larabci a harshe. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

“Inna, ina kwana?”

“Lafiya lau. Ka kwana lafiya?”

“Lafiya lau, Inna. Ina gajiya?”

“Ba gajiya. Ya baƙunta?”

“Alhamdu lillahi. Ya... ya muka ji da wannan abu?”

“Sai haƙuri. Ya ka baro mutan gida?”

Muka yi ta, ni a tsugune, ita da wuƙa a hannu. Sunanta Inna Kaltume. Kakanta ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna ya yi noma ya yi iyali. Ba ta san sunan garinsa ba, ta ce dai yakan ce akwai kuka a ƙofar gidansu. Na ce mata ai wannan rabin ƙasar Kano ke nan. Ta yi dariya, na ga ba ta da haƙoran gaba.

Da muka gama, na ce, “To Inna, don girman Allah, me sakatata ta yi miki?”

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, “Kai ka kafa su?”

“Ni ne.”

Ta daɗe tana kallon hannuna. Sannan ta ce, “Ka ci abinci?”

Ban ga abin da ya haɗa wannan da waccan ba, amma na bi ta.

Rumfarta tamfol ce da zana, in ka miƙe tsaye kanka zai taɓa sama. Ta zuba mini ɗan tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, na san kuma daga rabonta ta ɗiba. Tun da na bar Getso ban sa abin da ya yi kama da girkin gida a bakina ba sai ranar, saura kaɗan in yi abin kunya a gabanta.

A lungun rumfar wata matashiyar mace na kwance ta ba mu baya. Inna ta ce Maryama ce, matar ɗanta. Ɗan ya tsaya a can Sudan, ba labari. A gefenta akwai jariri da bai fi wata uku ba, yana kuka, amma kukan ba ƙarfi, kamar na ɗan mage. Maryama ta juyo ta sa shi a nono, ya ja ya ja, ya saki ya ci gaba da kukan. Na ga leɓenta duk ya tsattsage. Ga jarka cike da ruwa a kusa da kanta.

Na ce, “Inna, azumi take yi da goyo?”

“Ba azumi ba ne.”

“Ciwo ne? A kai ta wajen masu magani mana.”

“An kai ta. Sun ce ta sha ruwa.”

“To ga ruwa!”

Inna ta ce, “Wanda ya sha ruwa, ina za shi?”

Na jira sauran maganar, ba ta zo ba. Ta ce dai yau kwana tara Maryama ba ta shan abin da ya wuce kurɓi da safe, abinci ma sai an yi da gaske, nono kuma yana ƙafewa. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, matan layin nan duk daga azahar suke ɗaure bakinsu. Ta faɗi haka tana kallon jikanta, ba ta kalle ni ba.

Na koma na ba Lawwali labari. Ya ce to ai ga shi, abin da ya faɗa ne, iska ce ta taɓa yarinyar. Ni dai na kwana da tambaya. Ga masai sabo fil, ga sutura, ga ƙofa mai kyau, ga mace tana kashe kanta da ɗanta da ƙishirwa don kada ta shiga. Na juya abin ta kowace fuska, ya ƙi zama.

Washegari rana tsaka Inna ta same ni ina fiƙe katako. Ta ce in ajiye guduma in biyo ta. Muka tsallaka kwarin, muka bi lanƙwasar katanga, ta tsaya a ƙyaure na ƙarshe, wanda na mayar wa sakata jiya.

Ta ce, “Shiga.”

“Inna, ba na ji.”

“Shiga dai.”

Na shiga, don ba a musu da tsohuwa. Ta turo ƙyauren. Sai na ji ƙarar da na fi sani a duniya, ƙarar sakata ta shige gidanta. Sannan na ji takunta yana nisa.

Da farko dariya na yi. Na ce, “Inna, wasan ya isa.” Shiru. Na tura ƙyauren, ko motsi. Na sa kafaɗa, na ja baya iyakar yadda wurin ya bari na banke shi, kafaɗata ce ta ji jiki. Aikina ne, na san inda na sa kowace ƙusa, na san ba zai ba ni hanya ba. Kwano ya ɗau zafi a kaina, gumi ya jiƙa ni. Na ƙwala wa Lawwali kira, na ƙwala wa duk wanda ke kusa, da Hausa da guntun Larabcina. Muryata ta daki katangar nan mai tsawo ta dawo mini. Na leƙa ta tsagin katako, ba abin da nake gani sai bulo. Can na daina ihu, don na fahimci ko yanka ni ake yi a nan, masu rumfuna ba za su ji ba. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, ni ƙato da gemuna.

Ban san tsawon lokacin ba. Da ta zare sakatar na fito ina haki, na buɗe baki zan yi masifa. Ta riga ni.

Ta ce, “Kai namiji ne. Rana tsaka ce. Kuma ka san wadda ta rufe ka.”

Ta zauna a kan wani bulo, ta yi maganar tana kallon ƙasa. Ta ce matan nan tun a hanya suka koyi kada mace ta je ko'ina ita kaɗai. Ranar nan, gab da magariba, Maryama ta zo nan da wata yarinya maƙwabciyarsu, ɗaya ta shiga ɗaya ta tsaya gadi. Maryama ce ta fara shiga. Ashe akwai maza biyu a laɓe cikin lanƙwasar katangar. Ba su sha wata wahala ba. Yatsa ɗaya suka sa suka tura sakatar, suka rufe Maryama a ciki, suka ja yarinyar cikin sabara suka yi mata fyaɗe. Maryama tana jin komai. Ta daki ƙyauren nan har farcenta ya fita.

Inna ta nuna mini cikin ƙyauren. Ga sawun nan a jikin katakon da na goge da hannuna.

Na zauna a ƙasa. Na ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Na ce, “Wace yarinya ce? Ina take?”

Ta ce, “Tana hannun masu kula da ita. Sunanta kuwa ba za ka ji shi ba, ba kuma wanda zai ji a bakina. Abin da aka ɗauke mata ya isa.”

Na ce, “Me ya sa ba ku faɗa mini ba tun ranar?”

Ta ce, “Da wane baki? Kai ma ka tambaye mu kafin ka kafa?”

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Bayin Allah sun yi gudun gara, ni da hannuna na gina musu gidan zago, ina ta jiran a gode mini. Na je na gaya wa Lawwali. Ya tashi ya ɗauki babbar guduma ya nufi katangarsa. Sai da na riƙe shi na ce ya bari a zo a gani tukuna.

Kwana biyu bayan haka Malama Ashta ta dawo daga bakin iyaka, idanunta sun faɗa don gajiya. Inna ta kai ta wurin. Na tsaya ina jiran a kira mana 'yan sanda, na ma ɗaure kayana. Malama Ashta ta zagaya, ta ja sakata ta mayar, ta tambayi takardun da aka ba mu. Lawwali ya zaro su daga ƙarƙashin tabarma. Ta buɗe ta nuna mana wani ɗan zane a gefe, ashe duk abin yana ciki. Ta faɗi wata magana mai tsawo, Inna ta fassara mana a gajarce.

“Ta ce laifinku ne, laifin Alhajinku ne, laifinta ne ita ma da ta tafi ba ta bar muku mai karantawa ba. Ta ce kuma waɗanda suka yi abin su ne manyan masu laifi, ana nemansu. Yanzu za ku gyara, ko za ku tsaya kuka?”

Na ce a karanta mana takardar. Malama Ashta ta girgiza kai, ta naɗe ta, ta nuna rumfuna. Ta tara matan layin, ta ce su ne za su faɗa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara rikita ni. Matan nan suka sa mu a gaba, kowace da kara a hannu tana zane a ƙasa. Suka ce a dawo da makewayin kusa, inda mace za ta yi kira a ji ta daga rumfa. Na maza a kai shi wancan gefen, kada hanya ta haɗa su. Katanga kuwa ba sa so ko ta taku ɗaya. Ƙofa ta kalli rumfuna, a fili, kowa na gani. A kafa fitila mai sola a kan doguwar sanda.

Lawwali ya kasa haƙuri. Ya ce, “Inna, tsakani da Allah, mace ta ɗauko buta ta ratsa jama'a, kowa ya san inda za ta? Ina kunya?”

Inna ta ce, “A gidan ubanka katanga tana tsare mace, don ka san duk wanda ke bayanta. Nan wa ka sani? Nan idon mutane shi ne katangarmu. Bar mu da kunyarmu, mun san inda muka ajiye ta.”

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka bi kara.

Kwana shida muka yi muna aiki, matan na kawo mana ruwa da yashi. Wadda ta tofar da yawun nan ita ce ta riƙe mini katako ina yanka, ba ta dai yi mini murmushi ba. Ni kuwa kullum kunnena yana rumfar Inna. In na ji kukan jaririn in ji sanyi, in na ji shiru gabana ya faɗi. Na kafa kowace sakata ta ciki, daidai inda hannun yarinya zai kai, na bi waje na goge shi sumul, ban bar ko kan ƙusa da za a iya ɗaura igiya ba.

Ranar da muka gama, bayan la'asar, mata suka taru amma ba wadda ta matsa. Sai ga Inna ta fito riƙe da hannun Maryama, jaririn a kafaɗarta. Maryama na tafiya kamar iska za ta ɗauke ta. Ta tsaya a gaban ƙyauren farko ta daɗe. Ta shafa wajensa daga sama har ƙasa, tana neman ƙarfe, ba ta samu ba. Ta shiga ta jawo shi. Muka ji sakata ta shige. Muka ji ta zare. Ta shige, ta zare, har sau uku. Sannan ta yi magana daga ciki.

Inna ta ce, “Ta ce ka buɗe.”

Na ce, “Ai ba ya buɗuwa ta nan.”

“Ta ce ka gwada. Da ƙarfinka duka.”

Na ja baya na banki ƙyauren da kafaɗar nan da ba ta gama warkewa ba. Na sake. Lawwali ya zo muka haɗa mu biyu, ɗan Gwarzo da ɗan Kabo, har hularsa ta faɗi. Ƙyaure ya tsaya. Wata tsohuwa ta fara dariya, wasu suka kama.

Sai sakata ta zare, Maryama ta fito da kanta. Ba ta kalle ni ba, ban kuma so ta kalle ni ba. Ta wuce wurin da muka ajiye jarkar aikinmu, ta tsuguna, ta cika moɗa. Rana ta karkata, lokacin da matan layin suka saba ɗaure bakinsu. Ta kafa kai ta shanye. Ta sake cikawa ta shanye, ruwa na bin haɓarta. Ta cika ta uku, sannan ta miƙa hannu Inna ta ba ta ɗanta.

Na juya baya na yi kamar ina tattara ƙusoshi.

Ranar da za mu taho, jaririn yana kuka har ana ji daga layi na biyu. Inna ta ce in gaida mata ƙasar Kano, in na ga gida mai kuka a ƙofa in yi sallama. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni sakata ɗaya daga cikin waɗanda ta ɓamɓare, duk ta lanƙwashe.

Tana nan rataye a rumfata a Getso. Da na dawo na gaya wa Hansai gaskiyar aikin da na yi, ban rage komai ba. Masu kawo aiki sukan tambaye ni me nake yi da mataccen ƙarfe, in ce ajiya ce. Maryama na san ta sha ruwa, da idona na gani. Ɗayar kuwa, wadda ta tsaya gadi a bakin ƙofata, har yau in na zo yi mata addu'a sai in ce, “Allah, Ka san sunanta.”